Yaron da ke Riƙe Bayan Gida

Malam Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau za mu tattauna a kan yara 'yan shekara 1 zuwa 3 da ke fama da taurin bayan gida, har su kai ga riƙe shi da gangan. Malama Hauwa, iyaye da yawa suna ganin yaro ya sandare, ya harɗe ƙafafu, ya yi ɗage, ko ya laɓe bayan kujera yana nishi, sai su ɗauka yunƙuri yake yi ya fitar.

Malama Hauwa: Wa alaikumus salam, Malam. Akasari matsewa yake yi don kada ya fito. Abin yakan fara ne daga rana guda da bayan gida ya zo da tauri ya yi masa zafi, wani lokaci har ya ɗan tsaga dubura a ga ɗigon jini. Yaro ba ya mantawa da wannan zafin, don haka idan ya sake jin alama sai ya riƙe. Shi kuwa babban hanji aikinsa tsotse ruwa, saboda haka duk kwanan da kashi ya ƙara a ciki ƙara bushewa da girma yake yi, ranar da zai fito kuma zafin ya ninka na farko, tsoron ya ƙaru.

Malam Bashir: Shi ya sa ake yawan ganinsa lokacin yaye, ko lokacin koyon hawa fo.

Malama Hauwa: Haka ne. Abin da ya fi damuna kuma shi ne wanda ke biyo baya idan aka daɗe. Ƙarshen hanjin yana buɗewa saboda cunkoso har yaro ya daina jin lokacin da ya cika, sai ruwan kashi ya riƙa zagaye dunƙulen yana ɓata wando. Uwa ta ɗauka gudawa ce, ko ta yi masa faɗa cewa ƙazanta yake yi, alhali bai ma san ya fito ba. Duka ko tsawa a wannan hali ƙara masa tsoro kawai suke yi.

Malam Bashir: To, idan aka ƙara masa ruwa da 'ya'yan itatuwa da ganyaye, aka rage madarar shanu in ta yi yawa, ai sai a warware?

Malama Hauwa: Waɗannan suna taimakawa ƙwarai, amma idan riƙewar ta zauna, da wuya su wadatar su kaɗai. Likita yakan rubuta maganin da ke riƙe ruwa a cikin hanji, irin su makrogol ko laktulos. Da farko a kwashe abin da ya taru, sannan a ci gaba da ba shi kullum don bayan gidan ya zama mai laushi. Inda iyaye ke tuntuɓe shi ne dakatar da magani da zarar sun ga sauƙin mako guda. Hanjin da ya buɗe yana buƙatar watanni kafin ya koma daidai, yaron ma yana buƙatar ya sha yin bayan gida ba zafi kafin ya saki jiki, don haka a hankali ake rage maganin bisa shawarar likita. Kada kuma a cusa wa yaro sabulu ko wani abu a dubura.

Malam Bashir: Zaman fo ɗin fa?

Malama Hauwa: A zaunar da shi kamar minti 5 bayan cin abinci, domin a lokacin hanji ya fi motsi. Tafin ƙafarsa ya taka ƙasa ko ƙaramar kujera, gwiwoyi su ɗan ɗara ƙugu tsawo. A yaba masa don ya zauna, ko da bai yi komai ba. Idan kuma ya ce sai a cikin famfas zai yi, a bar shi tukuna, koyon fo zai iya jira.

Malam Bashir: Yaushe ne kuma ba za a jira ba?

Malama Hauwa: Idan cikin ya kumbura sosai, ko yana amai musamman kore, ko ba ya ƙara nauyi, ko ƙafafunsa sun yi rauni, a kai shi asibiti nan take. Haka nan a sanar da likita idan jaririn bai yi baƙin kashin farko ba cikin awa 48 da haihuwa, domin hakan na iya nuna cutar Hirschsprung, wadda wani sashe na hanji ke rasa jijiyoyin da ke tura kashi, kuma ita tiyata ce maganinta.