Sharhi: Bulalar Malami Ma Tana da Iyaka

Jama'a masu sauraro, kusan kowane zangon karatu sai hoton wani yaro ya zagaya wayoyin mutanen Kano, bayansa duk shatar dorina, kuma da zarar an yi magana sai wani ya ce: "Mu ma an doke mu, ga shi mun zama mutane." Wannan ba hujja ba ce, domin waɗanda duka ya kora daga makaranta ba a zuwa jin ta bakinsu, suna can tasha da bakin kasuwa.

Masu kare wannan ɗabi'a suna jingina ta da al'ada da addini, to bari mu duba tarihin. Gaskiya ne makarantar allo ta san bulala, amma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi mata iyaka tun fiye da shekara dubu da suka wuce. Ibn Sahnun na Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya yi rubutu kan ladubban malamai a ƙarni na 9 na Miladiyya, ya ce kada malami ya wuce bulala 3 a kan karatu sai da iznin mahaifi, kuma kada ya yi duka cikin fushi. Ibn Khaldun ya yi gargaɗin cewa tsanani yana koya wa ɗalibi ƙarya da yaudara, domin tsoro ke sa shi ya riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Sama da duka, Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. To wanda ya tsula wa ɗan shekara 8 bulala 30 saboda ya manta littafi, wa yake koyi da shi?

Da boko ta zo, bayan Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, sai tsarin Turawa ya zo da nasa salon horon, har aka kai ga monita mai rubuta sunayen masu surutu, da manyan ɗalibai masu ikon hukunta ƙanana a makarantun kwana, ga tsallen kwaɗo da kamun kunne da gwale-gwale. Ingila ɗin da muka kwaikwaya ta haramta duka a makarantun gwamnati tun 1986, mu kuwa muka riƙe sandar kamar gadon kakanni. A 2019 kowa ya ga inda rashin iyaka ke kaiwa, lokacin da aka fito da mutane ɗaure da sarƙa daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, har gwamnatin Kano ta rufe gidajen mari.

Na san halin da malami ke ciki. Mutum ɗaya a gaban yara fiye da 100, wasu a zaune a ƙasa, ga albashin da ba ya kai wata, ba abin mamaki ba ne haƙurinsa ya ƙare. Ko hana duka baki ɗaya zai yi aiki a irin wannan aji nan take, ina da shakka. Amma cunkoso ba laifin yaro ba ne, kuma bayansa ba wurin huce haushin albashi ba ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka ne, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfin tsiya karya shi zai yi.

Ko dokar hukunta laifuka ta Penal Code da ta ba malami damar ladabtarwa a sashe na 55 ta gindaya sharaɗin kada a yi mummunan rauni. Fikihu ya sa iyaka, doka ta sa iyaka, a cikin aji ne kaɗai babu ita! Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilimi da hukumar ilimin firamare ta jiha (SUBEB) su fitar da ƙa'ida a rubuce, a liƙa ta a kowace firamare da islamiyya da makarantar kuɗi: wane laifi, wane horo, wa ke da ikon zartarwa. A hana ɗalibi dukan ɗalibi, a tanadi rajistar hukunci a ofishin shugaban makaranta, kuma malamin da ya ji wa yaro rauni ya gurfana gaban alƙali, kada a kashe maganar da "a yi haƙuri" a zauren mai unguwa.