Kogi Ɗaya, Jihohi Shida: Yaya Ake Raba Ruwan da Ba a San Yawansa Ba?

 Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, su zama kogin Haɗeja. Na Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta Bauchi. Su biyun suna gamuwa a wajen Gashuwa, sunan ya koma Komadugu Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta ɓangaren Diffa har Tafkin Chadi. Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno, kowacce tana da haƙƙi a ruwan nan.

Sai dai babu mai iya rantsuwa kan ruwan da za a samu baɗi. Daga 1950 zuwa ƙarshen shekarun 1960 damina ta yi albarka. Sai farin 1973, sai na 1984. A 2020 da 2022 kuma ambaliya ce ta cinye gonaki da gidaje a Jigawa.

Ana cikin farin farko aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa ya biyo baya a 1992. Sun yi rana, ba a musu. Da su Kano take sha, da su ake noman rani a Kadawa.

To amma ku gangara dausayin Haɗeja da Nguru ku gani. A da, kogi kan cika ya malala fadama da damina, a shuka shinkafa, a kama kifi, ruwa ya ja makiyaya su shigo, da rani kuma ya ƙafe. Yanzu ana sakin ruwa daga dam ɗin biyu kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, take so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, tsuntsun jan-baki ya samu wurin kwana, yana tashi sai gonar shinkafa. Ruwan ya karkata ta reshen kogin da ake kira Marma yana mamaye gonakin Nguru, alhali wasu rassan sun bushe. Manomi ɗaya na kukan ambaliya, ɗan'uwansa na kukan ƙishirwa, a shekara guda.

A 2006 gwamnonin jihohin shida sun zauna a Damaturu, suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogin. Mataki ne mai kyau. Amma a ganina, duk tsarin da aka ɗora kan matsakaiciyar damina zai rushe, domin da wuya irin wannan daminar take zuwa. Tun ruwa na nan ya kamata a rubuta: in Tiga ta yi ƙasa zuwa kaza, wa za a fara rage wa, kuma nawa ne rabon Yobe da ba a taɓawa? In ta cika, yaushe za a saki, kwana nawa za a ba mutanen Ringim da Auyo su kwashe kayansu?

Wannan ba ya yiwuwa sai da awo: ma'aunin ruwa a gadoji, da mai karanta shi kullum, da alƙaluman da kowace jiha za ta gani a lokaci guda. Batun dam ɗin Kafin Zaki da ake son ginawa a kan kogin Jama'are ma a kansu zai tsaya. Bauchi na son sa don noman rani, Yobe da Borno na fargaba, domin yawancin ruwan da ke isa Gashuwa a yau na Jama'are ne.