Yadda Aka Rubuta Littattafan Sabon Alkawari Aka Tattara Su

To jama'a, barkanmu da yamma. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abubuwa uku zan taɓo: rubutun, kwafin, sai tantancewar.

Na farko, wasiƙun Bulus sun riga Bisharu zuwa, ko da yake Matiyu ne a farkon littafin da ke hannunku. Wasiƙa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, wajen shekara ta 50 miladiyya aka rubuta ta, Bisharar Markus kuwa sai wajen 70. Duka da Girkanci. Kuma sau da yawa Bulus shifta yake yi, wani na rubutawa. Ku buɗe Romawa 16:22, za ku ga magatakardan, Tartiyas, ya soko tasa gaisuwar.

Yanzu kwafi, kuma a nan ku yi haƙuri da ni, zan daɗe. Takardar ita ce fafirus, wata ciyawa ta bakin kogin Nilu. A fere ɓargon karan siri-siri, a jera a tsaye, a ɗora wani jerin a gicciye, a danne, a shanya, a goge. Tawadar fa? Baƙin hayaƙi da ƙaro da ruwa, alƙalamin kuma na kara. Wanda ya yi makarantar allo bai ji baƙon abu ba. Mutanen zamanin naɗaɗɗiyar takarda suka saba da ita, gefe ɗaya ake rubutawa. Kiristoci kuwa tun wuri suka rungumi littafi mai shafuka, a ninke, a ɗinke, a rubuta gaba da baya. Ku riƙe wannan, ku riƙe shi da kyau! Ranar da ka ce za ka ɗinke wasiƙu cikin bango ɗaya, dole ka yanke wacce za ta shiga, wacce za ta tsaya a waje, wacce ce gaba. Akwai kwafin wasiƙun Bulus na wajen shekara ta 200, ana kiransa P46, warƙa 86 suka tsira, kuma a cikinsa Ibraniyawa na bin Romawa kai tsaye. Kun ga jerin bai zauna ba tukuna.

Ina matsalar take? Haruffa manne suke da juna, ba tazara tsakanin kalmomi. Layi biyu su ƙare da kalma iri ɗaya, idon mai kwafi ya tsallake, layi guda ya salwanta. Wani ya yi sharhi a gefen shafi, na bayansa ya zaci nassi ne ya shigar. Fitila ce ta mai fa, ga gajiya, ba NEPA balle a ce ta ɗauke. Shi ya sa masana ke jera kwafi da kwafi suna gwadawa. Markus 16:9-20 babu shi a manyan kwafi biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan. Shi na Sina'in ma har Wasiƙar Barnaba da littafin Makiyayin Harmas ya ƙunsa, waɗanda ba sa cikin Sabon Alkawari na yau.

Na huɗu... a'a, na uku, lokaci ya ja. Wani malami, Markiyon, a Rum, wajen 144, ya ɗauki Luka da ya rage wa tsawo da wasiƙun Bulus 10, ya watsar da Tsohon Alkawari, ikilisiya ta ƙi. Wajen 180 bishop Iraniyus ya dage Bisharu huɗu ne. Abin da ake dubawa kafin a karɓi littafi: alaƙa da manzanni, dacewa da koyarwa, da ko ana karanta littafin a ikilisiyoyi ko'ina.

Na'am, ɗan'uwa mai farar hula?

"Malam, ba a taron Nikiya ne sarki Kustantin ya zaɓi littattafan ba?"

Yawwa, na gode da ka kawo wannan, don maganar ta bazu. A'a. Taron Nikiya na 325 a kan koyarwar wani firist, Ariyus, game da allahntakar Yesu ya zauna, da ranar Ista, dokokinsa 20 ba wadda ta jera littattafai. Yusibiyus, marubucin tarihin ikilisiya wanda ya halarci taron da kansa, ya rubuta cewa ana jayayya kan Yaƙub, Yahuza, Bitrus ta biyu, da Yahaya ta biyu da ta uku. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari cif sai a wasiƙar Ista ta Atanasiyus, bishop na Iskandariya, a 367, taron Kartaj na 397 ya amince da shi. Duk da haka fassarar Suriyanci, Feshitta, da 22 ta tsaya, babu Wahayi a ciki. Akwai wani hannu can, bismillah.