Ina A da B Suka Shiga? Lacca Kan Rabon Faifai a Zamanin DOS

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta mai Windows a cikinku ya ga faifanta na amsa sunan C. Ina A da B suka shiga? Amsar tana shekarar 1981. A watan Agusta na wannan shekara kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta tebur, tana aiki da babbar manhajar DOS da Microsoft ya samar masa. Kwamfutar nan ba ta da faifan ciki ko kaɗan. Fulofi ake zura mata, wani faifai mai laushi, faɗinsa inci 5.25, yana ɗaukar kilobayit 160 kacal. Hoto ɗaya na wayarku ba zai shiga ba. Ramin farko shi ne A, na biyu B. Wannan tsari ma gadonsa DOS ta yi daga manhajar CP/M ta Gary Kildall.

Ko rami ɗaya gare ka, DOS ba ta sakin harafin B. In za ka kwafi fayil daga A zuwa B, sai ta ce ka zare wannan faifai ka sa wancan, ramin guda yana aikin biyu. Don haka da faifan ciki ya iso a watan Maris na 1983, cikin kwamfutar IBM XT mai megabayit 10, ya tarar an riga an rabe haruffa biyun farko. Sai ya karɓi C.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne ƙashin bayan laccar. A zamanin DOS, faifai a yanke yake gida-gida, kowane gida bayit 512, bayit ɗaya kuwa kamar gurbin harafi ɗaya ne. Gidan farko ba a ajiye fayil a cikinsa. Bayit 446 na farko umarnin tayar da kwamfuta ne, bayit 2 na ƙarshe hatimi ne mai nuna cewa faifan na iya tayar da ita. Saura nawa? Na ji wata ta ce 64. Haka ne, 'yata. A cikin bayit 64 ɗin nan ake rubuta iyakokin kowane kaso, wato kowane ɓangare da aka raba faifan, kamar yadda mai unguwa ke riƙe da iyakar gonaki: daga ina ya fara, girmansa nawa, na wace manhaja ne, kuma shi ne za a tashi daga kansa ko a'a. Bayanin kaso ɗaya na cin bayit 16, ka ga kenan kaso 4 kawai za a samu.

Mutane na zaton an yi wannan ne don a ware wajen takardu da wajen hotuna. Ko kusa. An yi ne don manhajoji daban-daban, irin su DOS da wata babbar manhaja mai suna Xenix, su zauna kan faifai ɗaya ba tare da wata ta ci iyakar wata ba. A lokacin ita kanta DOS kaso ɗaya tak take amfani da shi, kuma da umarnin FDISK ake yankan.

Ba a daɗe ba riga ta matse. DOS na ƙirga gidajen nan da lambar da ba ta wuce 65,536 ba. Ku ninka da 512, megabayit 32 kenan. Ka sayi faifai mai 40, takwas sun zauna banza. A DOS 3.3 ta 1987 sai aka ɗauki ɗaya daga cikin kason huɗu aka yayyanka cikinsa, kowane yanki na nuna inda na gabansa yake, aka samu D da E har gaba. Ni dai a ganina faci ne, amma facin ya yi ƙarko, don ya kai har zuwan GPT, sabon tsarin rabon faifai.

Sai sauran na'urori. DOS ta ba su sunaye kamar fayil: CON shi ne madannai da fuskar kwamfuta, PRN firinta, NUL kuwa rami ne, abin da ka jefa ciki ya tafi kenan. Ka kwafi wasiƙa zuwa PRN, sai firinta ta hau bugawa. Unix, wata babbar manhaja ta daban, ta killace irin waɗannan sunaye a folda guda mai suna /dev. DOS ta farko kuwa ba ta san folda ba, sai sunayen suka zama haramtattu ga kowane fayil, aka kuma bar su a haka don kada tsofaffin manhajoji su daina aiki.

Na ga hannu can gefe. Bismillah, ɗana.

Yana tambaya ne, masu gyara da ke raba faifai C da D, shin hakan na kare takardu? Yana karewa in an goge C don sake ɗora Windows. Amma faifan guda ne, ran da ya mutu tare za su tafi, sai ka ajiye kwafi a wani wuri daban.

To, a kunna kwamfutocin. Kowa ya buɗe sabuwar folda ya sa mata suna CON, wanda tasa ta karɓa ya ɗaga hannu.