Sakkwato zuwa Maiduguri a jirgi: me ya sa sai an biya ta Abuja?

Habu: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Zainab da Malam Garba. Malam, tambaya aka aiko mana: kilomita nawa ne daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku da ke Sakkwato zuwa na Maiduguri?

Malam Garba: In jirgi zai miƙe sak, kimanin kilomita 860 ne. Su matuƙa da milin teku suke lissafi, kowane mil kilomita 1.852, ka ga wajen mil 465 ke nan.

Zainab: Ashe ma ba wata tafiya ba ce. Jirgin fasinja in ya daidaita a sama ai yana cin kilomita 800 a awa guda.

Malam Garba: Haka ne. Ki haɗa da tashi da sauka, awa ɗaya da rabi ta isa har ta yi saura.

Habu: A takarda ke nan, ranka ya daɗe. Je ka nemi tikitin mana! Galibi Abuja za a fara sauke ka.

Malam Garba: To nan lissafin ke canzawa. Sakkwato zuwa Abuja kusan kilomita 490, Abuja zuwa Maiduguri kusan 710. Jimla 1,200. An ƙara maka kilomita 340, ka yi kudu sannan ka dawo arewa maso gabas.

Zainab: Ni ba kilomitan ne ke damuna ba, zaman jiran ne. Ka sauka Abuja da hantsi, jirgin Maiduguri ya riga ya tashi, sai neman masauki. Tikiti biyu, kuɗin otal, kuɗin tasi, don filin ma yana da nisa da cikin gari. Ga jakarka sai ka karɓo ta ka sake kai ta awo.

Habu: Abin mamaki, filayen nan biyu, na Sakkwato da na Maiduguri, duka suna kwashe alhazai kai tsaye zuwa Saudiyya. Filin da ke kai mutum ƙasa mai tsarki, ya kasa kai shi Borno?

Malam Garba: Ba laifin fili ba ne, Habu. Jirgin alhazai a cike yake tashi, an biya tun kafin a hau. Shi kamfani kujeru yake ƙirgawa. Mutum nawa ne za su tashi daga Sakkwato zuwa Maiduguri ran Talata? Abuja kuwa kowa na da abin da ya kai shi, ma'aikaci, ɗan siyasa, ɗan kwangila. Kuma gajeriyar tafiya na da tsada ga kamfani, domin wajen tashi jirgi ya fi shan mai, kuɗin sauka kuma sai an biya ko fasinja goma aka ɗauko.

Zainab: To mutum ya hau mota mana.

Habu: Ta Gusau, Funtuwa, Zariya, Kano, Azare, Potiskum, Damaturu? Ya haura kilomita 1,000 fa, ga halin da wasu sassan hanyar ke ciki.

Zainab: Kuma in hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, hazo ya rufe gari, jirgin ma sai a ɗage tashinsa.

Malam Garba: Shi ya sa nake ce wa mai biki ko ganin likita a wannan lokacin ya tashi tun ana saura kwana biyu, kuma ya sayi tikitin safe. Habu, karanto mana tambaya ta gaba.