Dutsen Juju da Madatsar Ruwa ta Jebba

Masu kallo, wannan ƙaton dutsen da ya miƙe a tsakiyar ruwa, a Jebba yake, daidai inda Kogin Neja ya raba jihar Kwara da jihar Neja. Dutsen Juju ake ce masa. Nufawan yankin sun daɗe suna girmama shi, kuma masu kwalekwale sun san ruwan da ke gewaye da shi ba na wasa ba ne, don duwatsu ne birjik a ƙarƙashinsa.

A 1857 wani jirgin ruwa mai suna Dayspring, da ke ɗauke da tawagar likita William Baikie da Samuel Ajayi Crowther, ya daki dutse a nan ya farfashe. Mutanen sun tsira, amma sai da suka shafe watanni a bakin gaɓa suna jiran wani jirgin.

To, waɗannan duwatsun da suka hana jirgi wucewa, su ne suka ja hankalin injiniyoyi. Inda kogi ya matse tsakanin duwatsu, tare shi ya fi sauƙi, kuma ginin yana samun tushe mai ƙwari. Shi ya sa aka kafa madatsar a ɗan sama da garin, aka ƙaddamar da tashar wutar lantarkinta a 1985. Injina shida ne a ciki, ƙarfinsu gaba ɗaya megawat 578. Ruwan tafkin yana gangarowa da ƙarfi ya juya farfela, farfelar ta juya janareta, wutar ta bi manyan wayoyi zuwa layin ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda ruwan ke fitowa. Kimanin kilomita 100 a sama akwai madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968. Ruwan da ya gama juya injinan Kainji, shi ne ke sake aiki a Jebba. Kuma sau biyu kogin ke cika a shekara. Na farko da damina, daga ruwan saman da ke sauka a kusa, ya zo da laka fari-fari. Na biyu kuwa daga tsaunukan Gini yake, ya bazu a fadamun Mali ya yi watanni, lakarsa ta kwanta, sai ya iso Najeriya lokacin hunturu. Ana tsakiyar rani, ko gajimare babu, amma injina na juyawa da ruwan daminar wata ƙasa.

Sai dai idan damina ta yi yawa tafkin ya cika, dole a buɗe ƙofofi a saki ruwa. Manoman shinkafa da rake na ƙasan madatsar, ta wajen Mokwa da Patigi, su ne ruwan ke fara shiga gonakinsu.