Yadda Aka Kafa Hukumar Hasashen Yanayi Ta Birtaniya

A shekarar 1854, wani ɗan majalisar dokokin Birtaniya ya miƙe a zauren majalisa ya ce nan gaba kaɗan za a iya sanin yanayin da birnin Landan zai wayi gari da shi tun kwana guda kafin lokacin. 'Yan majalisa suka kwashe da dariya. A wancan zamani, duk wanda ya ce zai faɗi abin da sama za ta yi gobe, kallon ɗan duba ake yi masa.

To amma a wannan shekarar ce dai gwamnati ta buɗe wani ɗan ƙaramin ofishi a ƙarƙashin Hukumar Ciniki, wanda shi ne ya zama hukumar da a yau ake kira Met Office. Sai dai ku lura, masu kallo, ba don hasashe aka buɗe shi ba. Shekara guda kafin nan, a 1853, wani hafsan sojan ruwan Amurka mai suna Matthew Maury ya jagoranci kiran wani taro a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, inda ƙasashe suka amince jiragen ruwansu su riƙa rubuta bayanan iska da igiyar ruwa bisa tsari iri ɗaya. Manufar ita ce a gano hanyoyin teku mafi sauri, a rage kwanakin tafiya, 'yan kasuwa su samu sauƙi. Aikin ofishin ke nan: tara alƙaluma.

Mutumin da aka damƙa wa ofishin shi ne Robert FitzRoy, tare da ma'aikata uku kacal. Gogaggen matuƙin jirgin ruwa ne. Shi ne kyaftin ɗin jirgin Beagle da ya zagaya duniya daga 1831 zuwa 1836 ɗauke da masanin kimiyya Charles Darwin, daga baya kuma ya yi gwamnan New Zealand. Ya san teku ciki da bai, ya kuma ga yadda take cin mutane. Da ya kama aiki sai ya shiga ba wa matuƙa aron na'urorin awo, su kuma in sun dawo daga tafiya su kawo masa littattafan da suka cika.

Babbar na'urar da ya dogara da ita ita ce baromita, mai auna nauyin iska. Dogon bututun gilashi ne da zaiba a ciki. Idan nauyin iska ya ƙaru, zaibar ta hau. Idan ya ragu, ta sauka. Saukar da take yi da sauri alama ce ta cewa guguwa na tafe. FitzRoy ya ga masunta talakawa, waɗanda su ne suka fi kowa shiga haɗari, ba su da halin sayen wannan na'ura. Sai ya sa aka ƙera wata mai ƙwari, aka rarraba ta a ƙauyukan masunta, aka kafa a wuraren da kowa zai iya dubawa kafin ya tura kwalekwalensa cikin ruwa, da bayanin yadda ake karanta ta cikin sauƙin harshe.

Sai ga daren 25 ga Oktoba, 1859.

Jirgin Royal Charter ya taso daga Melbourne ta Ostireliya, ya yi kusan wata biyu a teku, saura ƙiris ya isa Liverpool. Da yawa daga cikin fasinjojinsa masu haƙar zinariya ne da ke komawa gida da abin da suka samo. A gaɓar tsibirin Anglesey da ke yankin Wales guguwa ta rutsa da su. Aka saki anka, sarƙoƙin suka tsinke. Aka sassare turakun jirgin don a rage ƙarfin iskar a kansa, duk a banza. Da asubar ranar 26 igiyar ruwa ta maka shi a kan duwatsu kusa da ƙauyen Moelfre, mutanen ƙauye na tsaye a gaɓa suna gani. Wani ma'aikacin jirgin, ɗan tsibirin Malta, ya ɗaura igiya a jikinsa ya faɗa ruwa ya yi iyo har tudu, aka samu aka ceto wasu ta wannan igiya. Mutum kusan 40 ne suka tsira. Kimanin 450 suka halaka. A faɗin ƙasar kuwa, guguwar ta nutsar da jirage 133, ta ci rayuka wajen 800.

FitzRoy ya tattaro bayanan awo daga ko'ina, ya zana taswirar tafiyar guguwar. Abin da ya fito fili shi ne, ta shafe sa'o'i tana dukan kudancin Ingila kafin ta hau arewa ta kai Anglesey. Ma'ana, akwai waɗanda suka riga suka gan ta tun mutanen jirgin ba su san tana zuwa ba. Ga kuma wayar tangaraho, wadda saƙonta ya fi kowace iska gudu. A Faransa ma, masanin taurari Urbain Le Verrier ya riga ya nuna haka bayan guguwar da ta farfasa jiragen Birtaniya da Faransa a yaƙin Kirimiya cikin Nuwamba 1854.

A 1860 aka ba FitzRoy izinin kafa tsarin gargaɗin guguwa ta waya. Ya kafa tashoshin awo goma sha 'yan kai a gaɓar teku, har da Valentia a can yammacin Ireland, domin galibin guguwar da ke afka wa Birtaniya daga yamma take ɓullowa, ta tekun Atlantika. Kowace safiya ma'aikacin waya zai duba baromita da ma'aunin zafi, ya lura da inda iska ta fuskanta, ya buga wa Landan. Idan aka hango haɗari sai a mayar da saƙo zuwa tashoshin jiragen ruwa, a ɗaga alama a kan dogon turke. Alamar ta tamfol ce, mai siffar mazurari. In tsininta na kallon sama, guguwa daga arewa za ta zo; in yana kallon ƙasa, daga kudu. Da dare a rataya fitilu. Masuncin da bai taɓa shiga aji ba zai ɗaga kai ya fahimta. A watan Fabrairu 1861 aka fitar da gargaɗi na farko, ranar 1 ga Agusta na wannan shekara kuma jaridar The Times ta buga hasashen yanayi na farko don amfanin kowa da kowa.

Daga nan kuma suka ta taso masa ta ko'ina. Duk ranar da aka ce rana za ta fito sai ruwa ya sauka, jaridu su yi masa ca. Masu jiragen kamun kifi suna jin haushin ganin ma'aikatansu zaune a tudu saboda alamar da wani lokaci ba ta tabbata. Masana kimiyya kuma suka ce aikin ba shi da ginshiƙi, ƙwarewar mutum ɗaya ce kawai. Wannan magana tasu akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, don a lokacin ba a gano lissafin motsin iska ba, kuma babu ko tasha ɗaya a tsakiyar tekun da guguwar ke fitowa. Amma ni a ganina, gargaɗin da ke kuskure wani lokaci ya fi shirun da ke barin mutum ya shiga teku ido rufe.

FitzRoy ya yi ta amsa masu suka ɗaya bayan ɗaya, yana aiki ba hutu, ga dukiyarsa ta ƙare, ga ciwon damuwa da ya daɗe yana fama da shi. Ranar 30 ga Afrilu, 1865, ya kashe kansa yana da shekara 59.

Bayan rasuwarsa aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin masanin kimiyya Francis Galton. Rahotonsa na 1866 ya yi kaca-kaca da tsarin, aka dakatar da hasashen da ake bugawa a jarida, a ƙarshen shekarar kuma aka sauke alamun gargaɗin guguwa. Nan fa masunta da matuƙa da hukumomin tashoshin ruwa suka ce ba su yarda ba. Su ne ke fita teku, su suka san amfanin abin. Koke-koke suka yi ta kwarara zuwa majalisa, har ta kai a 1867 aka dawo da aika gargaɗin. Hasashen yau da kullum kuwa sai a 1879 ya sake fitowa a jaridu.

Har yanzu gidan rediyon BBC na karanta hasashen teku na wannan hukuma kowace rana, yanki bayan yanki. A 2002 aka sauya sunan ɗaya daga cikin yankunan, wanda ke arewa maso yammacin Sifen, daga Finisterre zuwa FitzRoy.